Na Sauka Ƙarƙashin Tekun Bagida

Mun tashi da asuba daga Zongon Lome, ni da maƙwabcina mahauci, muka bi ta Amutibe zuwa tashar jirgin ƙasa. Wani Bafaranshe ma'aikacin tashar jirgin ruwa, mai sayen duwatsun ado a rumfata, shi ya gayyace mu. Ya daɗe yana ce mini murjani a ƙarƙashin ruwa yake tsirowa, ni kuma ina ce masa, “Musye, sai na gani.” A bakin Kwara na girma, can Yawuri, saboda haka iyo ba baƙona ba ne. Teku ne dai ban taɓa sa wa ƙafa ba.

Jirgin Aneho cike yake da mata 'yan kasuwa da kwanduna da kaji. Wata ta ɗora wa mahauci daron gari a cinya ba ko sallama, haka ya rungume shi har Bagida. Hagu da dama gonakin kwakwa ne iya ganinka. A tasha muka karya da akume, tuwon masararsu, da soyayyen kifi, mai araha ƙwarai, ga barkono har hanci na zuba.

A bakin ruwa muka tarar da Bafaranshen da masuntan Ewe da kwalekwalensu. Da mahauci ya ga yadda igiyar ruwa ke tashi tana faɗuwa, sai ya ce, “Malam, ni zan tsare maka takalma.” Ya sami gindin kwakwa ya zauna.

Masuntan suka jira wata igiya ta karye, suka tura kwalekwalen da muke ciki da ihu da waƙa, sai ga mu a bayanta, inda ruwa ya kwanta. Aka goya mini tulun ƙarfe mai iska, aka sa mini gilashi a fuska da takalman roba irin ƙafar agwagwa. Bafaranshen ya koya mini shaƙa ta tiyo, ya ce ko me ya faru kada in riƙe numfashi, kada kuma in taso da gudu. Na yi bisimilla na zame, shi ma ya biyo ni.

Da farko kunne ya yi mini zafi, na toshe hanci na hura kamar yadda aka nuna mini, ya saki. Sai ga wani dutse, dogo, a shimfiɗe. A jikinsa wasu abubuwa sun tsiro kamar mafici, ja da rawaya, suna kaɗawa a hankali. Na matsa kusa. Ba irin murjanin wuyan amare ba ne, ɗan'uwansa ne, kuma da ransa. Ƙananan kifaye masu zane suna kiwo a tsakani, ba wanda ya kula ni.

Wani ƙaton kifi ya leƙo daga rami, leɓe a zumɓure, sak mai unguwarmu in an makara zuwa taro. Dariya ta kama ni. Ruwa ya shiga gilashin, tiyo ya suɓuce daga bakina, na haɗiyi gishiri. Ƙafafuna suka fara neman sama. Bafaranshen ya damƙe hannuna, ya mayar mini da tiyon, ya tsare ni da ido har numfashina ya daidaita. Ya nuna sama, yana tambaya. Na nuna masa ƙasa. Muka ƙara zagaye, har wani kunkuru ya raka mu ɗan nesa.

Mun shiga Zongo bayan la'asar, kafin in ajiye jaka labari ya riga ni masallaci. Abin da tafiyar ta koya mini shi ne, na tsufa a Lome ina ɗaukar teku ƙarshen gari, ashe akwai wata unguwar a ƙarƙashinsa, da mazaunanta, kowa na cin arzikinsa.

Tsohon limaminmu ya saurare ni har na gama, ya ce, “Ɗana, ka ga aljanu?”

Na ce, “Allah gafarta Malam, kifi kawai na gani.”

Ya ci gaba da jan carbi. Can ya ce, “Gilashin nan, zai zauna a kan gemu?”