Akwatin Lukumanu a Hannun Mijinyawa Mai Goro

Idan aka idar da sallar asuba a Unguwar Hajji ta Karaye, kowa ya kama gabansa, Malam Mijinyawa mai goro ba ya komawa shimfiɗa. Wani ɗan ɗaki yake nufa a ƙuryar gidansa, ɗakin da rana ba ta taɓa leƙawa, inda huhunan goro suke jere a kan duwatsu don kada su taɓa ƙasa. Zai zauna a kan buzu, ya kwance huhu, ya bi goron ɗaya bayan ɗaya da yatsa. Wanda sankara ta taɓa ya ware shi, ganyen fita da ya gaji ya canza shi, sannan ya yayyafa ruwa daidai gwargwado ya mayar ya ɗaure. Ba ya magana a wannan lokaci. Matarsa Yelwa ta ce ko gobara ce ta tashi, sai dai ta jira ya gama da goronsa.

Shekara arba'in da ɗoriya yana wannan aiki, bana kuma ya sauka daga rumfarsa ta kasuwa saboda ido ya yi rauni. Mutanen Kurugu da na Rogo Sabon Gari sun san hannunsa. Mutum zai kawo masa goron ɗaurin aure tun da sauran wata biyar, ya dawo ya same shi jawur kamar jiya aka ɓare. Tsofaffi masu son daushe, goron bara da ya kwana ya yi zaƙi, wajensa suke zuwa. Wannan kaɗai ya isa a jinjina masa. Amma akwai wata ajiya a ɗakin nan da ba goro ba, ita ce ta sa aka ɗauki alƙalami.

Can sama a kan kanta, nesa da huhunan, akwai wani ɗan akwatin katako mai sheƙi, tsawonsa bai wuce kamu biyu ba. Taba ce a ciki, irin ta manyan Turawa, ganye zalla aka naɗe ba takarda, kowace ta kai kaurin babban yatsa. Kowace kuma an sa mata riga ta wani jan itace da aka fere siriri kamar takarda. Sida ake kiran itacen, ba ya fitowa a ƙasarmu, da shi ma aka shimfiɗe cikin akwatin. In aka ɗaga murfi, wani ƙamshi ne yake tasowa a hankali, na itace da ƙasa da ɗan abin da ya yi kama da zuma, ya zaga ɗakin ya daɗe bai fita ba. Mijinyawa bai taɓa sa taba a bakinsa ba, ko warin sigari ba ya so. Ga shi ya shekara ashirin da uku yana renon taba kamar jaririya.

Akwatin na amininsa ne, Lukumanu, ɗan Kurugu, wanda suka yi makarantar allo tare. Shi boko ya ɗauke shi har ya zama injiniya a tashar jiragen ruwa ta Ikko, a can ya koyo wannan ɗabi'a. Mahaifinsa kuwa dattijo ne da ba a shigar masa da taba gida, don haka duk zuwan da Lukumanu ya yi, a wajen Mijinyawa yake fara sauke akwatin. A zuwan ƙarshe aka kira shi aiki da gaggawa, bai samu ɗauka ba, sai dai ya tsaya da mota a bakin rumfa.

"Mijinyawa, riƙe min kayan nan sai Babbar Sallah," in ji shi. "Kai ne ka san ajiya. Kada ta bushe, kada ta jiƙe. Ruwan rijiya ba ya taɓa ta, na gaya maka."

"Ka mayar da ni mai gadin hayaƙi ke nan?"

"To, wa ya fi ka dacewa, tunda ba za ka sha ba?"

Suka yi dariya, motar ta tashi. Ba ta kai Ikko ba. Bayan kwana biyu labari ya zo cewa Allah ya yi wa Lukumanu rasuwa a hanya.

Da aka share makoki Mijinyawa ya rungumi akwatin ya tafi Kurugu. Mahaifin Lukumanu ya tare shi a ƙofar zaure, ya ce masa, "Kada ka shigo min da ita. Ni na yafe rabona a ciki. Yana da 'ya, hakkinta ne." 'Yar kuwa, Mairama, shekararta huɗu a lokacin. Uwarta 'yar Zangon Kumasi ce, tana fita takaba ta ɗauke ta suka koma ƙasarsu, ba wanda ya riƙe adireshi. Mijinyawa ya je wa limamin unguwa da tambaya. Liman ya ce shi dai ba ya yabon taba, amma amana ba ta zama ta mutum don mai ita ya yi nisa. Daga ranar Mijinyawa ya san abin da ke wuyansa: akwatin nan sai ya shiga hannun yarinyar yadda ubanta ya bar shi.

Ba ƙaramin aiki ba ne. Goro yana son ruwa a jikinsa, wannan taba kuwa laimar iska kawai take so, ita ma da awo. Da rani, in iska ta bushe, ganyen zai tsattsage. Da damina funfuna ce take laɓe, kuma a ƙarƙashin rigar itacen take fara yin fari, inda ido ba ya gani sai an zare. A cikin akwatin akwai ɗan soso a gwangwani, Lukumanu ya ce ruwa mai tsabta ƙal ake ɗiga masa. Mijinyawa ya samo dabararsa. In Yelwa ta ɗora tukunyar ruwa, sai ya tsaya yana tarar gumin da ke taruwa a cikin murfi, ɗigo ɗigo, ya zuba a kwalba. Akwai wani ɗan agogo a murfin akwatin mai nuna yawan laima, ya mutu tun shekara ta shida. Sai ya koma ga yatsunsa, ya matsa taba a hankali kusa da kunne, in ta yi ƙara ya san ƙishirwa take ji, in ta yi lakwas ya cire soson. Duk Juma'a yana zare rigunan ɗaya bayan ɗaya, ya duba, ya mayar da na ƙasa sama.

A irin waɗannan safiyoyin, in ƙamshin ya cika ɗaki, yakan daɗe zaune da murfin a buɗe fiye da yadda ya kamata. Sai ya ga kamar suna kan hanyar Kurugu su biyu, dawa ta rufe su, Lukumanu yana ba shi labarin jiragen da suka fi masallacin Juma'a tsawo, da ruwan da ba a ganin gaɓarsa. Shi bai taɓa ganin teku ba. A cikin akwatin nan yake jin ta. Yana kewar abokinsa, kuma bai taɓa jin kunyar faɗa ba.

'Yan kasuwa sun yi masa tsiya har sun gaji. Wasu suka ce ya sayar wa Kwarori a Kano, wasu suka ce ya zuba a masai ya huta. Shi dai murmushi. Abin da yake yi kawai, duk motar goro da ta sauke kaya daga kudu, sai ya riƙe hannun direba ya ce, "Don Allah in hanya ta kai ka Kumasi, ka tambaya min 'yar Lukumanu na Kurugu, Mairama. Ka ce ubanta ya bar mata ajiya." Direbobi suka haddace saƙon, har wasu suna riga shi faɗa.

Kai ne, Mijinyawa, ka aika saƙo ɗaya shekara ashirin ba amsa, ba ka fasa ba. Mai ajiya, ba a zo an tarar da kai kana kame-kame ba.

Sai damina ta bara, cikin marka, aka kai shi Kano a cire masa yanar ido. Kwana tara zai yi. Da zai fita ya ce da Yelwa, "Ki kula min da ajiya." Ita kuwa Yelwa matar mai goro ce, ta san aikinta. Ta gama da huhuna, ta sauko da akwatin, ta ga soson a gefe a bushe ƙamas. Ba ta san da gangan yake cire shi da damina ba. Tausayi ya kama ta, ta ce Malam ya manta saboda ciwo. Ta zaɓo ganyen fita mafi kyau ta shimfiɗa a kan tabar, ta yayyafa ruwan rijiya da hannu mai albarka, ta rufe ruf, kamar yadda ake yi wa goro mai daraja.

Ranar da ya dawo, ido ɗaya a ɗaure, tun daga bakin ƙofar ɗakin hancinsa ya gaya masa. Ya sauko da akwatin. Ya ɗaga ganyen, ya zare riga ta farko, ya shafa, ya ji wani abu kamar auduga a yatsansa.

"Yelwa."

"Na'am, Malam."

"Zo ki zama idona. Wannan da ke jikinta, wane launi ne?"

Ta duba, ta dafe ƙirji. "Fari ne, wani wajen ya soma kore. Innalillahi. Malam, ni na yi. Na ga ta bushe ne."

Ta fara kuka. Sannan ya ce, "Shekara ashirin da biyu kina ba ni gumin tukunyarki, ban taɓa zaunar da ke na nuna miki ba. Laifina ne. Share hawaye, miƙo min farin ƙyallen can."

Wuni guda suka yi a inuwar rumfar tsakar gida, shi yana shafawa, ita tana gani. Wadda funfuna ta tsaya a bayanta, suka goge ta a hankali suka ajiye ta daban. Wadda ta shiga ta bakinta har ciki, ba ta da magani. Akwatin suka goge da sifirit daga kemis, suka bar shi a buɗe kwana da kwanaki ya sha iska. Bakwai suka tafi. Ya haƙa rami a gindin dalbejiya ya binne su da kansa, don kada su shafi sauran. Yelwa ta ce sati guda bai ci tuwo da daɗi ba.

Da kaka ta yi, aka fara cire gyaɗa, wani direba mai suna Lado ya faka a bakin rumfa ya diro yana haki. "Baba Mijinyawa, albishirinka! Na samo ta. Malamar asibiti ce a Kumasi. Uwar ta rasu, ita kuma ta daɗe tana neman wanda ya san ubanta."

Bayan wata guda ta iso, da la'asar, doguwar mace mai goshin Lukumanu. Ta durƙusa a zaure ta gaishe shi da Hausarta ta Zango, aka tambayi hanya, aka tambayi mutan gida, aka yi wa mamata addu'a. Yelwa ta kawo ruwa da fura. Sannan ya ɗauko akwatin ya ajiye tsakaninsu, amma ya ɗora tafinsa a kan murfin.

"'Yata, kafin ki buɗe. Ashirin da biyar ubanki ya ba ni. Goma sha takwas na kawo miki. Bakwai sun lalace a hannuna, ki yafe min."

"Baba, ni ban ma san mene ne a ciki ba," in ji ta. "Ko fuskarsa ban riƙe ba. Na yi ta ƙoƙari in tuna, ba komai."

Ya janye hannunsa. Ta ɗaga murfin.

Ƙamshin ya taso yadda ya saba, a hankali. Mairama ta tsaya cak. Ta sunkuyar da kai har goshinta ya kusa taɓa katakon, ta lumshe ido, ta daɗe a haka.

"Rigarsa ce," ta faɗa can ƙasa. "Haka rigarsa take. Yana ɗora ni a wuya, ina riƙe da hularsa, muna kallon ruwa. Akwai wani jirgi fari. Baba, ga shi nan. Na gan shi."

Yelwa ta ja mayafi ta rufe fuska. Mijinyawa ya bar hawayensa suka bi gemu, bai share ba. Da funfuna ta cinye akwatin nan, warin ruɓa yarinyar za ta shaƙa, ta koma Kumasi yadda ta zo.

Kwana uku ta yi, ya kai ta Kurugu ta ga dangi, ya koya mata tarar gumin murfi da zare riguna ranar Juma'a. Wannan karon Yelwa na zaune a gefe tana gyara masa inda ya tsallake.

Kai ne, Malam Mijinyawa, aka ba ka riƙon wata biyu ka yi shekara ashirin da uku, a kan abin da ba ka ci, ba ka sha, ba ka ma so. Kai ne ka fara faɗin bakwai ɗin da suka ɓace tun ba a tambaye ka ba, ga wadda ba ta san adadin ba. Mun gode. Allah ya ƙara wa idonka haske, ya saka wa Yelwa, ya jiƙan Lukumanu. Mu kuma da aka bar wa wani abu a hannu, ko allura ce, mu je mu duba ta yau, mu zare rigar mu ga abin da ke ƙasa.

Kantar nan ta ƙuryar ɗaki yanzu ba komai a kanta, ko da yake Yelwa ta ce har yau in ya gama da goron gida yakan miƙa hannu sama kafin ya tuna. Ranar da aka yi ruwan farko a Kumasi bana, wayarsa ta yi ƙara yana zaune a kan buzu.

"Baba, ina kwana? An fara ruwa a nan. In cire soson?"

"Cire, 'yata," in ji shi. "Matsa guda ɗaya kusa da wayar in ji."