Gyaran da ya cinye mana kasuwa

Ina karatu a New York, a ƙarshen shekarun sittin, na samu aikin yamma a wani ɗan kamfani mai rubuta firogiram, abin da yanzu ake kira manhaja. Mu shida ne a ɗaki ɗaya a Manhattan. Aikina huda katin da ake shigar wa kwamfuta firogiram, da shi nake biyan makaranta da hayar ɗaki a Bronx. In aikin ya tafi, karatun ya tafi, sai gida hannu rabbana.

Kasuwa kuwa ba ta yi. Katafaren kamfanin da ke ƙera kwamfutoci, in ka karɓi injinsa, sai ya haɗa maka da manhaja kyauta. To wa zai sayi tamu? Da gwamnati ta maka shi kotu kan babakere, sai ofishinmu ya koma majalisa. Kullum da cin abinci ana yanke masa hukunci. Wani ya ce a daddatsa shi gida-gida. Wata ta ce a tilasta masa buɗe sirrin injinsa kowa ya gani. Maigidanmu, wani dattijo marar hayaniya, abu ɗaya yake so, a sa wa manhaja kuɗinta daban, inji daban.

Ni da bakina da ba ya shiru, na ce ban ga laifin kamfanin ba. Na ba su labarin gyara, cewa a Kano in ka auni gero ba a ƙara maka ɗan tafi a kai ba, marowaci ake kiran mai awon. Har da ɗaga murya, wai ina koya wa Turawa karamci.

Dattijon ya ajiye burodinsa. "Da abin da yake sayarwa yake yi maka gyaran," ya ce, "ko da abin da maƙwabcinsa yake sayarwa?"

Wallahi na ji kunya. Ban taɓa ganin mai gero ya yi gyara da daddawar matar da ke gefensa ba. Da ya yi, da kasuwa ta taru a kansa.

Shari'a ta yi ta jan ƙafa. Da bazara dattijon ya tara mu ya ce ba zai iya ba kuma, zai rufe ofishin. Na nemi wani aikin har takalmina ya huje, ban samu ba, na ajiye karatun.

Ina ɗaure kaya abokin ɗakina ya shigo da jarida, yana murna. Katafaren kamfanin da kansa ya sanar zai raba kuɗin manhaja da na inji. Na karanta har ƙarshe, na yi baƙin ciki ƙwarai, sannan na tambaye shi ko zai taya ni sauko da akwati.