"Nan na kusa, Malam"

Ɗiyata Hafsa ce a kafaɗata tana ihu, ta faɗo daga katanga a kan hannu. Baƙo ne ni a Mandera, koyar da Turanci ya kawo ni. Na tambayi maƙwabcinmu Baba Sidi gidan mai ɗori.

"Nan na kusa, Malam. Mu tahi."

Ni da kullum nake nanata wa ɗalibai cewa Bature ya bambanta maƙwabcin da kuka haɗa katanga da na tsallaken titi da na ƙarshen layi, sai na ɗauka bayan gidanmu ne.

Muka wuce gonakin da aka girbe, muka ratsa fadamar albasa, har gari ya ɓace. Raina ya ɓaci.

Da muka isa, mai ɗori ya duba hannun. Alhamdu lillahi, targaɗe ne, ba karaya ba. Kafin mu taso har tana cin gyaɗa.

Muna komowa na ce, "Baba, wannan ne kusan?"

Ya yi dariya. "Ba a ce ma mai ɗauke da ɗiya hanya da nisa. Da na faɗi, da gwiwarka ta mutu tun ƙofar gida."

Bature hanya ya auna, Baba Sidi ni ya auna.

Ku ina "nan kusa" ta taɓa kai ku?