Kuɓewar Uwargida a Cikin Audugata

Ni ne mutumin da ya kashe kuɓewar matarsa da hannunsa, da rana tsaka, yana 'yar waƙarsa. Gara in faɗa da bakina kafin wani ya riga ni. Karatuna bai wuce aji uku ba, shi ma rabinsa a kan mangwaron makaranta na yi shi, amma wannan wautar ba rashin boko ya jawo ta ba. Son a gani ne.

Shekarar da ɓarayin daji suka tashe mu daga ƙauyenmu na wajen Kakangi, kowa abin da hannunsa ya kai ya ɗauka. Ni rediyo na rungumo, marar batir. Uwargida kuwa wani ɗan gora ta ƙulle a bakin zaninta, irin kuɓewa ne a ciki da toka. Kuɓewar mahaifiyarta ce, doguwa siririya mai jan kara, ba ta saurin tsufa, in an busar an daka yauƙinta har gwiwar hannu. Tun tana amarya take shuka ta a cikin audugata, kuma ba ta taɓa neman izini ba. Ina gama shuka za ta biyo bayana da 'yar sandarta, nan ta soka kuɓewa, can yakuwa, gefen kunya wake, bakin iyaka rama. Karkashi shi ke gayyatar kansa. Takan ce tsutsa ta fi son kuɓewa a kan auduga, gara a ba ta abin da take so ta ƙyale mana audugarmu, wake kuma ya rufe ƙasa ya bar mata ƙarfi. Ni dai abin da na sani, ban taɓa cin tuwo gaya ba.

A bayan garin Birnin Gwari aka ara mana ɗan fili, wanda in ka yi atishawa a wannan kai, na wancan kai zai yi maka addu'a. Daminar farko ruwa ya kwanta a wurin, irin da ta samu bai cika tafin hannu ba. Damina ta biyu ta zuba shi duka a ƙasa.

A daminar ce surukina ya aiko min da injin feshi daga Kaduna, irin na goyawa, da maganin ciyawa. Sau biyu na zaga unguwa da shi a baya, babu komai a ciki. Lokacin noman firi ya zo, uwargida ta tafi suna gidan ƙanwarta. Na dubi ciyawa, na dubi fartanya, na tuna ciwon bayana. Na sani sarai kuɓewar tana nan, ganye huɗu-huɗu a gefen kunyoyi, na ce wa raina zan kauce mata. Audugar kam na kiyaye ta kamar ƙwai. Amma da masu wucewa suka fara tsayawa suna kallon injin, sai hannu ya saki, na shiga lilo da shi dama da hagu. Kwana uku duk abin da ke tsakanin kunyoyin ya yi ja ya kwanta.

Da ta dawo ta je gonar, ta tsuguna ta ɗaga ɗan tsiro ɗaya, ta mayar da shi inda yake. Ba ta yi faɗa ba. Da ta yi, da na ji sauƙi. Ta daina zuwa gona, ta daina tsokanata a kan furfurata. Wata rana na ji ta ta katanga tana faɗa wa maƙwabciya cewa yanzu ba ta da sauran abin Inna ko ɗaya, kabarin ma yana can inda ba a zuwa.

Sai na tuna ƙawarta ta 'yanmatanci, Bagwariya, Kirista, da ke aure wajen Tabanni. Na san an taɓa ɗiba mata irin nan. Na ce wa uwargida zan je duba wani abokina da ke kwance. Bawan Allah lafiyarsa ƙalau, Allah ya yafe min. Na hau acaɓa, hanya duk laka, ko'ina daji ya matso sai mai mashin ya yi shiru ya ƙara wuta, ni kuma ina bayansa ina karanto duk addu'ar da na iya, har da ta cin abinci.

“A'a, mijinmu, yau kai kaɗai? Ina ka baro min ƙawata?” in ji ta da ta gan ni.

Na yi ta kewaye-kewaye, ta ƙi sakina sai da na zayyana mata komai. Ta yi dariya har da riƙe ciki, can kuma dariyar ta ɗauke. Ta ce irin miya hannun mata yake bi, ba a sayar da shi, ba a danƙa wa namiji, balle wanda ya kashe na farko. Sai ta miƙo min fartanya ta nuna min gonarta. Daga azahar har bayan la'asar ina duƙe, duk inda na iso gindin kuɓewa sai in ajiye fartanya in cire ciyawa da yatsa. Mijinta yana zaune a inuwar kaɗanya yana min sannu, yana cewa in yi haƙuri, shi a kan gauta aka taɓa yi masa haka. Da na gama ta shiga madafa ta ciro busassun kuɓewa uku daga saman murhu, hayaƙi ya baƙanta su. Ta ce su ke nan suka rage mata.

Washegari na juyo, ban shiga gida ba sai da na bi ta gona. Na ja igiya a gefen kunyoyi na shuka irin, taki ɗaya rami ɗaya, yadda hannuna ya saba. Dabarata in ce kuɓewar ce ta farfaɗo da kanta.

Da ta tsiro na je na ce mata ta zo ta ga ikon Allah. Ta bi kunya tana tafiya a hankali, ta duƙa ta shafa ganye, ta dubi jan da ke jikin karan, ta sa bakin mayafi ta goge ido. Kashegari na ga ta ɗauki 'yar sandarta da ragowar wake ta yi gaba. Da kuɓewar ta fara 'ya'ya, ta ɗaura tsumma a kan manyan, na iri, ta ce duk wanda ya taɓa su ita da shi, tana kallona.

Ranar da ta fara miya da ita, ta ajiye min tuwo ta zauna gefen tabarma, ta bari sai da na cika baki. Sannan ta dube ni ta ce:

“Malam, tun ina yarinya nake shuka kuɓewar nan, ban taɓa sanin ta iya bin layi ba sai da ta mutu ta dawo.”