Allunan da Na Ƙi Karɓa

Da daminar bana ƙanena Sani ya cika shekara tara da rasuwa. Kowace shekara nakan ɗauki alƙalami don in rubuta wani abu a kansa, sai in ajiye, saboda akwai abin da ba na so a sani game da ni. Bana na ga shekaru sun ja, gara in faɗa.

Mahaifinmu magini ne a Faskari, irin masu yi wa zaure zane da hannu tun yaɓe yana ɗanye. Ni aka sa boko har na zama malamin makaranta. Sani ya bi gini, amma da ya ga siminti yana korar ƙasa, sai ya tafi Kaduna ya koyo zubin kankare. Ya dawo yana zuba alluna masu faɗin ƙofa, waɗanda ake kafawa a gaban gini bayan sun bushe. Masu zubi suna da yawa, amma a fuskar allo ake gane hannunsa. Yakan sassaƙa zanen Baba a katakon mazubi, ya shafa ruwan sukari don kada saman ya yi saurin kamawa, ya jera tsakuwar da ya tsinto a rafukan wajen Ruwan Godiya, fara da ja da mai ƙyalli, sannan ya zuba kwaɓi. Washegari ya birkice allon, ya bi shi da buroshi da ruwa a hankali har tsakuwar ta bayyana. Inda yake son santsi kuma ya goge da inji, ƙura ta rufe shi har gira. Mun sha ce masa ya riƙa ɗaure hanci. Sai ya yi dariya.

Da na gina gidana a Ƙanƙara, wata Asabar sai ga shi da mota ɗauke da alluna takwas. Ashe watanni ya yi yana zuba su bai gaya mini ba. Abokan aikina biyu suna tsaye tare da ni a ƙofa.

"Yaya, ga na gaban gidanka," in ji shi. "Zanen zauren Baba ne na fiddo maka."

Na dubi allunan, na dubi abokaina. Na ce, "Sani, wanga ai kamar aikin da ba a gama ba ne. Ni tayil zan sa, irin na gidajen Katsina."

Ya daɗe da hannunsa a kan allo ɗaya. Sannan ya ce, "To, Yaya." Ya juya ya ce wa direba kada a sauke.

Ba mu yi faɗa ba. Ya ci gaba da zuwa gaisuwa duk sallah, yana wucewa ta gaban tayil ɗin nan ba ya ɗaga kai. Ni kuma ban taɓa tambayar inda allunan suka tafi ba. Bayan shekara uku tari ya kama shi, likita ya ce ƙura ta gama da huhunsa. Na yi kwanaki a bakin gadonsa. Mun yi hirar Baba, mun yi ta gona, mun yi ta 'ya'yansa. Maganar allunan nan ce kaɗai na kasa. Ya cika wata Laraba da hantsi.

Nakan tambayi kaina me zai ce da zai leƙo yau. Fuskar da na raina, ita ake yi wa manyan gine-gine a Abuja, na gani da idona. Mazubin roba ya cika kasuwa, zane ɗaya a gida ɗari, kuma wannan zai ba shi haushi. Amma abin da zai fi yi masa ciwo a gida yake. Rafukan da yake tsintar tsakuwa ba a zuwa yanzu, saboda 'yan bindiga. A ƙasarmu ba wanda ke son gaban gidansa ya yi kyau, don kada a ce yana da abin hannu a zo a ɗauke shi. Ni da kaina na sa aka ɓamɓare tayil ɗina, aka bar bulo tsirara.

Watannin baya na je ta'aziyya Sabuwa. Wani dattijo, Malam Garba, ya ji an ce ni yayan Sani mai zubi ne. Limamin wani ƙauye ne da mutanensa suka watse suka shigo gari. Ya kama hannuna da hannu biyu.

"Ashe kai ne! Allunan gaban masallacinmu, shi ya kawo ya kafa da hannunshi. Ya ce yayanshi na Ƙanƙara ne ya aiko sadaka. Tun ran nan ba Juma'ar da ba mu sa ka addu'a ba, har nan da muke gudun hijira."

Na rasa inda zan sa idona. Na tambaye shi ko allunan suna nan. Ya ce an kwashe kwanon rufi, an ƙone ƙofofi, amma wanda ya leƙa kwanan baya ya ce allunan suna tsaye, tsakuwa ko ɗaya ba ta faɗi ba. Na ce a kai ni. Ya ce hanyar ba ta biyuwa.

A nan na gaya masa gaskiya, duk, a gaban mutane.

Na daɗe ina zaton abin da ya rage na Sani aikin hannunsa ne, wanda ke tsaye a garuruwan da babu kowa. Yanzu na san ya bar abin da ya fi kankare nauyi. Na kunyata shi a gaban baƙi, shi kuma ya tafi inda ba a san ni ba ya sa ana yi mini addu'a shekara goma sha biyu, bai kuma taɓa bari na sani ba.

Na roƙi Malam Garba ya cire sunana daga addu'ar ya sa na Sani. Dattijon ya girgiza kai.

"Shi ya sa ka, Malam. Ba ni zan fidda ka ba. Za mu dai haɗa ku."

Allah Ya jiƙan Sani, Ya haskaka kabarinsa, Ya mai da mutanen nan masallacinsu.