Kukan da Na Ji a Ɗakin Tiyata

Ko zan manta komai, ba zan manta ranar da aka yi mini tiyatar haihuwa ba. Cikina na huɗu ke nan, ukun farko duk sun zube, kuma wallahi na gaji da jin "Allah ya kawo rayayye".

Da hantsi aka kwaso ni daga gidanmu a Ƙofar Kibo zuwa asibiti ina zubar da jini. Ina cikin ce wa likitar ta kira mini maigidana, aka yi mini allurar barci. Na buɗe ido ina ƙarasa maganar, ashe har an yi la'asar. An ciro yaron, ya koma, an tafi kai shi makwancinsa. Mutanenmu ba sa barin gawa ta jira kowa, ko da uwarta ce.

Amma ni na ji kuka. Sau ɗaya, siriri. Da na faɗa wa likitar, sai ta zauna bakin gadona tana lallaɓa ni. Wai allurar ba barci ba ce, sassan ƙwaƙwalwa ne suke daina isar wa juna saƙo, sai mutum ya zama kamar babu shi. Wai ko a farke muke, abin da muke kira yanzu ya riga ya wuce, ƙwaƙwalwa ce take harhaɗa shi ta miƙo mana daga baya, kuma har gobe masana na gardama kan yadda take yi. Wataƙila jaririn wata na ji ina farfaɗowa. Ga ɗinki na ci na, ga dogon bayani, sai kawai na juya mata baya. Ban raina iliminta ba, amma abu ɗaya nake son sani: mun taɓa haɗuwa da ɗana a duniyar nan, ko mun yi saɓani?

Da maigidana ya dawo daga maƙabarta, na tambaye shi ko an yi wa yaron salla, domin a wurinmu jaririn da bai yi kuka ba, ba a sallatarsa. Sai ya ce:

"An yi masa. Sun ce ya yi kuka sau ɗaya."

"To na ji shi."

Bai musa mini ba.

Shekaru sun ja, ban sake haihuwa ba, na kuma gaji da auna maganar likita da tawa. Idan har komai a makare yake isowa ga ɗan Adam, to nawa ma ya iso. Na koyi kada in raina abu don ya makara. Kukan nan guda shi ne duk zaman da muka yi da ɗana.