Shekara Bakwai Bayan Laminu, Zancen Waya Ya Shiga Majalisa

Shekara bakwai ke nan cif da rasuwar taubashina Laminu, injiniyan lantarki, wanda mutanenmu na Paris suka laƙaba wa Mai Waya. Na saba in rubuta wannan waiwaye da ƙwalla, amma bana murna ce ta hana ni zama. Da yana nan da ya dame ni da "ba na gaya maka ba?" har sai na gudu na bar masa ɗakin.

Tare muka yi karatu a Lyon. In muka hau jirgin ƙasa zuwa Paris, ni ina barci, shi kuwa hancinsa na manne da gilashi yana kallon manyan turakun ƙarfe masu ɗauke da wayoyi, kamar wanda ya hango budurwarsa. Nakan ce masa a dangi duka ba a taɓa yin mai soyayya da ƙarfe ba sai shi.

Laƙabin ya samo asali ne daga taron ƙungiyar 'yan garinmu a Montreuil. Mun yanke shawarar aika faifan hasken rana gida, domin asibitin haihuwa ya daina karɓar jarirai da fitilar hannu. Kowa ya yi rige-rigen saye, saboda an ce za a rubuta sunan mai bayarwa a jikin faifansa. Filin da muka samu yana bayan gari, asibitin kuwa yana tsakiya. Laminu ya miƙe ya tambaya wa zai sayi wayar da za ta haɗa su. Ba wanda ya ɗaga hannu, domin ba a rubuta suna a jikin waya. Shugabanmu Alhaji Mamman ya yi dariya ya ce, "Kai dai zamna, Mai Waya, kuran ya san hanyarshi," wai wutar lantarki za ta kai kanta. Aka yi tuya aka manta da albasa. Har yau faifan suna nan da sunayenmu rangaɗau, awaki na shan inuwa a ƙarƙashinsu, ungozoma kuma tana riƙe da fitilarta.

Abin ya ci masa rai ƙwarai, kuma daga nan ya gina hujjar da ya mutu a kanta. Yakan ce rana da iska suna yin ƙarfi ne a daji, nesa da masu buƙata, kuma ɗan kasuwa ya fi son gina abin da zai nuna ya sayar. Babbar wayar da za ta ratsa ƙasa kuwa kamar hanyar mota ce, kowa na bi, ba wanda ya yarda tasa ce. Saboda haka sai an yi doka baitulmali ya ɗauki nauyinta, domin gwamnati ita ce gayyar ƙasa. Mun ɗauke shi mai surutu, ya ɗauke mu masu son a sani, kuma shi ne da gaskiya.

To, rana ba ta ƙarya. Kwanan baya 'yarsa Rakiya, wadda ke karatun lantarki a Lyon, ta kira ni ko gaisuwa ba ta gama ba. Tonton take ce mini, wato kawu. "Tonton, ka ji? Maganar Baba ce ake yi!" Ta bayyana mini cewa a wasu ƙasashe majalisun jihohi suna muhawara a kan dokar da za ta sa kuɗin jama'a su gina manyan layukan wutar rana da iska, don a rage tsadar aikin, wuta ta yi wa talaka sauƙi. Akwai masu adawa, suna tsoron ɗora wa jama'a kaya, kuma na san Laminu zai so ya zauna da su, domin bai taɓa gudun gardama ba. Ni dai a tsaye na gama jin labarin, ina dariya ni kaɗai a tashar metro, jirgin ƙarƙashin ƙasa.

Rakiya ba ta tsaya a waya ba. Ta hau jirgi ta zo taronmu, ta tsaya a inda ubanta ya tsaya. Ta nemi abu biyu: mu ja wayar asibitinmu da kanmu, kuma mu matsa wa 'yan majalisar gida su kawo irin wannan doka. Alhaji Mamman, wanda yanzu sai da sanda, shi ya fara ɗaga hannu. Ya ce a rubuta sunan marigayi a turken farko, da manyan baƙaƙe.

Rakiya ta gode masa da ladabi, ta ce a bar turken haka nan. Na sunkuyar da kai hawaye suka zubo, domin muryar Laminu na ji. Abin da ya bari ke nan, Allah ya jiƙansa: 'ya mai irin taurin kansa, da waya marar suna wadda za ta kai wuta ɗakin haihuwa. Ranar da aka kunna ta, jaririn farko ba zai san wane ne Laminu ba, kuma haka ya so.